Tela Ya Kwafi Rigata Har Da Maho

Sai da na haura shekara hamsin kafin tela ya sa almakashi a yadi domin ni.

Na zo Jidda da niyyar wata uku. Ban koma ba. Na yi wanke-wanke a gidajen Larabawa, na yi raino, na yi shara. Daga baya na koma sayar da soyayyiyar gyaɗa a bakin titi a Sharafiyya. Duk tsawon lokacin nan, abin da wata ta tuɓe shi nake sawa. Uwar ɗaki ta gaji da riga, ta miƙo min. Ko in je gwanjo in tsinto. Bai taɓa damuna ba. Abaya tana rufe komai. Baƙa ce a jikina, baƙa ce a jikin matar mai gidan bene.

Sai auren ƴata ya taso. Ita kaɗai gare ni. A nan aka haife ta. Ubanta ɗan dako ne a tashar jiragen ruwa, ya rasu tana goye. Yaron da zai aure ta ɗan Hausawan Sudan ne na Ammariyya, gidan da suka daɗe a garin nan, masu shaguna. Matan gidan idan suka naɗa dogon mayafin nan nasu suka yi turare, hancinka zai gaishe su kafin idonka. Ranar wunin biki kuwa mata zalla ne. A bakin ƙofa ake tuɓe abaya a rataye. Abin da ke ƙasa, kowa zai gani. Ni ce kuma uwar amarya, wadda za a ce ta matso gaba.

Ƴata ba ta cika roƙona abu ba. Wannan karon ta roƙa. Hausarta rabi ce, sauran Larabci take cikawa da shi.

“Ummi, don Allah. Rana ɗaya bas, ɗaya tak. Kada ki shigo da rigar mutane.”

Na ce, “Na ji.”

Ta ce, “Za su duba ki daga sama har ƙasa. Ni zan zauna da su, ba ke ba.”

Na ce, “Na ce na ji.”

Yayata da ke gida ta aiko min da atamfa ta hannun wata mai Umara. Yadi shida. Koriya, da fulawa ruwan ɗorawa manya-manya kamar faifai. Da na buɗe ledar sai da na kai ta hanci. Ƙamshin sabon yadi, wanda ba a taɓa wankewa ba, ba a taɓa yi masa zufa ba. Na ɗaga katifa na shimfiɗa ta a ƙasa. Kullum in na dawo talla, kafin in sha ruwa, sai na ɗaga katifar na duba. Tana nan. Sai in ji bakina ya ƙi rufuwa. Mace da furfura, ina yi wa yadi murmushi.

Maƙwabciyata ƴar Maraɗi ce, kitso take yi. Ta girme ni a sanin duniya, na girme ta a shekaru, don haka Yaya take ce min. Ita ta kai ni wurin tela.

Telan mata a unguwarmu ɗan Bangali ne, siriri, da tabarau a kan hanci. Ba a shiga shagonsa. Wata ƴar taga ce a jikin bango, ke kina waje, shi yana ciki. Kuma ba ya awo. Namiji ba ya ɗora tef a jikin mace a nan. Rigarki za ki kawo, wadda take miki daidai, ki tura ta taga tare da yadin. A jikin rigar zai yi awonsa.

Tun a hanya ƴar Maraɗi take ja min kunne.

“Yaya, mutanen nan in kika sake musu, sai su yi miki adon ƙasarsu. Ni wuyan riga ya yi min har da ƙararrawa. Ki tsare shi da ido. Ki ce masa sem-sem.”

“Mene ne sem-sem?”

“Iri ɗaya. Kar ya ƙara, kar ya rage.”

Riga ɗaya ce take min daidai a duniya, rigar tallata. Ruwan ƙasa, doguwa. Wata uwar ɗakina ta ba ni, na fi shekara goma ina sa ta a ƙarƙashin abaya. Na wanke ta sau biyu, na goge, na ninke a leda. Da muka iso sai wayar ƴar Maraɗi ta yi ƙara, wata mai son kitso, ta ja gefe tana faɗa da ita. Ni kaɗai na tsaya a tagar.

Na tura atamfar, hannuna bai so sakinta ba. Na tura ledar.

Ya warware rigar. Ya ɗaga ta sama. Ya juya cikinta waje. Ya daɗe yana dubawa, sannan ya dube ni ta saman tabarau. Larabcinsa irin nawa ne, na titi, don haka muna jin juna sarai.

“Mama, irin wannan?”

“Irin wannan. Sem-sem.”

“Duka?”

“Duka.”

Ya sake buɗe baki. Na buga bakin tagar da tafin hannu.

“In ka canza zare ɗaya, zan dawo. Ka gan ni nan? Ba na tsoron kowa.”

Ya ɗaga hannu biyu sama. “Mafi mushkila, ba matsala, Mama. Talata.”

Na juyo ina jin kaina. Ƴar Maraɗi ta ce, “Kin tsare shi?” Na ce, “Har sai da ya ɗaga hannu.” Muka tafa.

Makon nan ban san yadda na yi shi ba. Shagon ba a hanyata yake ba, amma kullum ta nan nake bi. Ba na tsayawa. In rage tafiya kawai, in ji ƙarar keke, in ce a raina tawa ce a ƙarƙashin allurar. Na ƙona gyaɗa kasko guda ina tunanin ɗaurin ɗankwali. Duk wanda ya saya sai na ƙara masa, ko bai nema ba. Ina gaya wa mutanen da ba su tambaye ni ba: ina da ɗinki a wurin tela. Wani Bayamane mai shagon shayi kusa da inda nake zama ya leƙo ya ce, “Hajja, ƴarki za a aurar ko ke?” Na jefe shi da ɓawon gyaɗa. Na yi dariya har da riƙe ciki, ni da ake cewa fuskata kamar ƙofar kurkuku.

Talata ta zo. Wuni ranar Alhamis ne. Ya miƙo ledar ta taga, a goge, a ninke, da ɗankwalin a sama. Yana murmushi irin na wanda ya yi aiki ya san ya yi. Ban buɗe a titi ba. Hannu biyu na ɗauko ta, a gabana, kamar kwanon miya mai zafi. Mota ta yi min hon, ban ko kalle ta ba.

Ƴata da ƴar Maraɗi suna tsakar ɗaki suna jira. Na ce su juya baya. Na shiga bayan labule na zura.

Wayyo. Ban san haka riga take zama a jiki ba. Ba inda ta matse, ba inda ta yi yawa. Hammata daidai, ƙugu daidai. Kamar na daɗe da saninta. Na ɗaura ɗankwali, na kafa shi gaban goshi, na yaye labule na fito ina rangwaɗa, hannu ɗaya a ƙugu.

“To ku juyo.”

Ƴar Maraɗi ta toshe hanci ta fara guɗa. Guɗar ta kai rabi ta tsinke.

“Yaya. Ina sauran rigar?”

Na duba ƙasa. Idon sawuna a waje, har da ƙwauri kusan taƙi guda. Haka rigar tallata take. Ni na ɗage ta da hannuna, don idan motar masu kama ƴan talla ta ɓullo, ba a gudu da riga mai jan ƙasa. Ga tsaga a gefen dama har gwiwa, don tsallake kwata. Ita ma telan ya yi ta, ya bi bakinta da ɗinki mai kyau.

“Miƙo hannuwanki,” in ji ƴar Maraɗi.

Na miƙa. Na hagu ya kai wuyan hannu. Na dama ya tsaya ƙasa da gwiwar hannu kaɗan. Wutar gas ce ta taɓa lashe na tsohuwar ina suya, na datse wurin na kalmashe. Na manta ma da zancen.

Ta zagaya bayana. Ta dafa kafaɗata ta hagu, sai ta zauna daɓas a ƙasa.

Maho ne. A nan nake rataya jakar gyaɗa, igiyar ta cinye tsohuwar rigar, na ɗora ƙyalle na ɗinke. Bawan Allah ya yanko sabuwar atamfa, mai kusurwa huɗu, ya ɗora a kan lafiyayyen yadi. Har ya zaɓi wurin da fulawa take, ta zauna a tsakiya ɗas.

Na shafa ƙirjina ta ciki. Aljihun iƙama, takardar zama a ƙasa, yana nan, wanda na ɗinka tun lokacin da ba ni da ita, yana jira. Na shafa ƙugu, ga na canji. Na shafa cinya, ga dogon na waya. Har da ƴar igiyar da nake ɗaura makulli.

Ƴar Maraɗi tana birgima tana dukan tabarma. “Sem-sem! Wallahi Yaya kin tsare shi! Uwar amarya mai shirin gudu!”

Ni ma dariya ta ƙwace min. Na yi dariya har hawaye, har na jingina da bango. Na ɗaga ƙafa na gwada tsagar, ta buɗe yadda ya kamata, muka sake fashewa.

Ƴata ba ta yi dariya ba. Tana tsaye, hannunta a baki.

“Ummi, esh hada? Mene ne wannan? Rigar talla ce. Rigar talla ce kika yi sabuwa.”

Ta shiga banɗaki ta rufe, ta buɗe famfo don kar mu ji ta. Mun ji.

Na daina dariya. Ƴar Maraɗi ta tashi tana share ido.

“Yaya, ina da leshi, sau ɗaya na sa. Zai shige ki in kin riƙe numfashi.”

Na ce, “A'a.”

“Jibi ne fa.”

“Na ce mata ba zan shiga da rigar mutane ba.”

Washegari tun bai gama ɗaga ƙofar shago ba ina bakin taga. Na tura rigar na ce, “Mene ne wannan?”

Ya dube ta, ya dube ni. Fuskarsa ta faɗi.

“Mama, ba kyau?”

“Biki zan je! Ƴata zan aurar!”

“Ba ki ce biki ba. Kin ce duka. Na tambaya, kin buga taga.” Ya buga tagar shi ma, a hankali, don in tuna. “Kwana biyu na yi a kan aljihu. Aljihu uku, duk a ɓoye. Ban taɓa ganin irinsa ba. Wa ya yi na farkon?”

“Ni.”

“Ke tela ce?”

“Ni mai gyaɗa ce.”

Ya girgiza kai. “Aiki mai kyau. Zare mummuna, aiki mai kyau.”

Na so in ci gaba da faɗa, amma ba wanda ya taɓa yaba ɗinkina. Na daure fuska na ja hannun rigar.

“Wannan fa? Ba ka ga ɗaya ya fi ɗaya ba?”

Ya sunkuyar da kai. “Na gani. Na ce Mama hannunta ɗaya gajere ne. Na ji tausayi. Na yi miki addu'a.”

Na zura hannuwana biyu ta tagar har gwiwa, a jere. Ya gyara tabarau ya duba su da kyau, ɗaya bayan ɗaya. Ya ce, “Alhamdu lillah.” Shi ke nan faɗa ya ƙare. Na kama ƙarfen tagar ina dariya, shi ma yana yi a ciki, yana rufe baki da yadin wata.

Sannan muka hau aiki, ni a waje, shi a ciki. Hannun hagu ya datse ya yi daidai da na dama. Tsagar ya bi ta da keke ya rufe. Saura tsawo.

“Mama, ba yadi. Sai in yanka ɗankwali in ƙara a ƙasa.”

“Ka taɓa ɗankwalin nan ka gani. Uwar amarya da kai ba ɗauri?”

Ya riƙa juya bakin rigar a hannu. Sai na ga ya tsaya. Ya ɗauko tsohuwar tawa, wadda na haɗo da ita, ya duba ƙasanta. Ya fara dariya shi kaɗai.

Ashe lokacin da na ɗage tsohuwar, ban yanke ba. Ni ba na zubar da yadi. Ninkewa na yi sau uku ta ciki na ɗinke. Shi ma haka ya yi, sau uku cif. Ya sa ɗan tsinken warware ɗinki ya bi zaren, ya ɗaga rigar sama, ya girgiza. Yadin ya sauko, ya sauko, ya sauko. Kore shar, har ƙasa.

A tsakiyar titin Sharafiyya, da hantsi, na toshe hanci na rangaɗa guɗa. Masu wucewa suka tsaya. Wani mai sayar da burodi ya leƙo ya ce an haihu ne? Na ce masa eh.

Mahon ne ya gagara. Ya yi masa ɗinki ƙanana layi biyu, ya ce in ya warware, ramukan allura za su fito fili, sai ya fi muni. Ya so ya yi wa ɗaya kafaɗar irinsa da guntun hannun da ya datse, a ce ado ne. Ya gwada, guntun bai kai ba.

“Mama, ki rufe da mayafi.”

Haka na gaya wa ƴata da na koma. Na sa rigar, na yafa gyale a kafaɗar hagu. Ta zagaya ni sau biyu. Idonta a kumbure.

“Ba za ki cire gyalen ba?”

“Ba zan cire ba.”

“Wallah?”

“Wallahi.”

Ta ce, “Halas, shi ke nan.” Ta gyara min ɗaurin da hannunta.

Alhamis bayan la'asar muka isa Ammariyya. A bakin ƙofa na tuɓe abaya, wata ta karɓa ta rataye. Na tsaya. Ban taɓa shiga taro ba baƙi a jikina ba. Iskar fanka ta taɓa min wuya. Falon cike da mata, turaren wuta kamar hazo, mayafai kala-kala, zinariya a kowane hannu. Ƴar Maraɗi ta zungure ni ta baya.

“Yalla, Yaya. Ba motar kame a nan.”

Na shiga. Kai a sama. Atamfar tana ƙara kaɗan-kaɗan in na taka, irin ƙarar sabon yadi. Aka yi guɗa, aka ce ga uwar amarya. Suka duba ni daga sama har ƙasa kamar yadda ƴata ta faɗa. Na bar su suka duba. A raina ina cewa ku ƙara, tawa ce, domin ni aka yanka.

Ƴata tana can gaba a kan kujera, an yi mata lalle har gwiwar hannu, an yafa mata jan mayafi. Uwar ango tana gefenta, babbar mace, mai magana a hankali. Na nufe su, hannuna a kan gyalen.

Sai gwaggon ango ta tare ni. Tsohuwa ce, mai ƙarfi, ba ta ji sosai, don haka da ihu take magana. Ta rungume ni dama, ta rungume ni hagu. Zobenta ya kama gyalen. Ya zame ya faɗi ƙasa.

Ta riƙe kafaɗata ta matso da ido.

“Hajja, wannan adon Najeriya ne? Masha Allah. To me ya sa kafaɗa ɗaya?”

Duk falon ya ji. Da na iya ƙarya da na ce eh, yayi ne. Ban iya ba. Bakina ya riga ni.

“Ita ce ta yi aikin. Nan nake rataya jakar gyaɗa. Rigar tallata na ba tela, ya kwafa.”

“Me ta ce?” in ji gwaggon.

Ba wanda ya maimaita mata. Masu kiɗan ma suka sassauta. Na dubi ƴata. Ta sunkuyar da kai cikin jan mayafin, kafaɗunta suna rawa. Abu ɗaya ta roƙe ni. Na ce a raina na gama da ita a gidan nan.

Sai ta ɗago. Kwallinta ya zubo, amma haƙoranta duk a waje.

“Ummi,” ta ce da ƙarfi, da Hausa tsantsa, “ki nuna musu aljihun.”

Ƴar Maraɗi ce ta fara fashewa. Na sa hannu a ƙugu ta wurin da ba wanda ya san akwai ƙofa, hannun ya ɓace har wuya. Na fito da shi, na tura a cinya, na zaro waya. Mata suka taso. Wannan ta lalubi nan, waccan ta lalubi can. Gwaggon tana ihu a nuna mata na ukun, na ce wannan sai da izini. Mai kwalliya tana yi wa amarya faɗa ta daina dariya, tana ɓata mata aiki. Ba ta daina ba.

Uwar ango ba ta tashi ba. Ta buga kujerar da ke kusa da ita.

“Hajja, zo nan. Tun ɗazu wurinki yake jira.”

Na zauna. Ta kalli mahon, ta kalli fuskata. Sai ta buɗe tafin hannunta. Tarin makullai ne a ciki, har sun yi mata shaida a fata.

“Tun safe nake yawo da su. Na ɗakin kaya, na kicin, na ƙofar waje. Mayafin nan namu ba inda za ka sa ko allura. Riƙe min, ƴar'uwa, hannuna ya gaji.”

Na karɓa. Na ɗaura su a igiyar makulli, na tura ciki. Aka ɗaga kiɗa, ta kamo hannuna, ta ce iyaye su fara.

Na yi rawa har magariba, makullan gidansu suna kaɗawa a ƙuguna. Duk wadda take son sukari ko faranti, wurina ake turo ta.